Mai Tuƙa Katafila Goma da Ɗan Yatsa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a mararrabar Diko da sanyin safiya ya san abin da ke faruwa idan doguwar motar nan mai kwantaccen baya, wadda direbobi ke kira lobed, ta ɓullo ɗauke da katafila. Mai shayi yakan dakata da firfita, 'yan acaɓa su waiwayo, yara masu tallar gyaɗa su bi ta da ido har ta sha kwana. Ƙarfen ake kallo: rawaya fes, nauyinsa ya kai tan 30 ko ma fiye, an ɗaɗɗaure shi da sarƙa kamar bijimin da ake jin tsoron ya ƙwace. Ba mai kula da tsohuwar Hilux ɗin da ke biye a baya, balle dattijon da ke zaune a gabanta da wani littafi mai maiƙo a cinyarsa. To, wannan dattijon ne zancena. Fomen ake ce masa. Ya yi shekaru rabonsa da ya wuni a kan kujerar katafila, amma babu ƙarfen da zai motsa a wurin aiki sai ya ɗaga yatsa.

Diko wuri ne da ya dace a yi wannan magana. Garin na cikin ƙaramar hukumar Gurara a masarautar Suleja, kuma a bakinsa ne hanyar Minna ke rabuwa da babban titin Abuja zuwa Kaduna. Wanda ya miƙe arewa ya bi ta Tafa. Wanda ya karya yamma ya nufi Lambata da Paiko. Hanyoyin nan biyu kuwa sun daɗe a hannun 'yan kwangila. An ba kamfanin Salini aikin mayar da titin Suleja zuwa Minna tagwaye tun 2010. A ƙarshen 2017 gwamnatin tarayya ta ba Julius Berger aikin sake gina titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375. A Nuwamban 2024 aka karɓe ɓangaren Abuja zuwa Kaduna daga hannunsa, daga baya aka miƙa wa wani kamfanin, Infiouest. Yaron da aka haifa a Diko a shekarar da aka fara zancen titin Minna, yanzu ya isa a tura shi gona shi kaɗai, kuma bai taɓa sanin garinsu ba tare da ƙurar marmara da ƙugin injin ba.

Abin ma ya girmi haka. Da aka yi dokar kafa sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu 1976, a zamanin Janar Murtala, a Suleja ne ma'aikatan hukumar gina birnin suka fara yada zango, saboda a lokacin ba ko makwanci a inda Abuja take yanzu. Har yau akwai unguwa a Suleja da ke amsa sunan wancan sansani, Filbes a bakin mutanen gari. Garin da ya ba da tsohon sunansa ga babban birni, shi ne kuma ya zama masaukin waɗanda suka gina shi: direbobin tifa, makanikai, leburori, masu gireda. Wasu sun zo da jaka ɗaya, yanzu jikokinsu ne ke kan ƙarafan.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin irin waɗannan. Ya fara ne a matsayin yaron katafila, mai ɗura giris da wanke matatar iska, yana kwana a ƙarƙashin injin don gadi. Daga nan ya hau rola, ya koma loda, ya yi shekaru a kan eskabeta, sannan ya kai ga gireda, wadda a wannan sana'a ita ce sauke farali. Daga gireda aka sauko da shi ƙasa aka ce ya riƙa duba sauran. Da farko abin ya yi masa ciwo. Ya ce ji ya yi kamar an ƙwace wa mahayi doki an ba shi sanda.

Na taɓa bin sa wurin aiki, wani ɗan titin burji da ake yi wa ciko a ƙauyukan da ke bayan Diko, cikin watan Disamba. Abin da na fara gani bai yi kama da aikin shugaba ba ko kaɗan. Tifa ta juye marmara, gireda ta baje, tankar ruwa ta bi tana yayyafi, rola na tsaye tana jira. Sai Kawu ya tsuguna ya damƙi ƙasar, ya matse ta a tafin hannunsa kamar mai cura fura, ya buɗe, ya duba, ya sake ta daga daidai ƙugunsa.

Na ce, "Kawu, me ake nema a ciki?"

Ya ce, "Ruwa, ɗan nan. In na matse ta ƙi haɗuwa, ƙishi take ji, rola zai yi ta hawa har la'asar ba za ta kwanta ba. In na matse ta jiƙa min hannu, in na sake ta faɗi ta lafe kamar tuwon jiya, ruwa ya yi yawa, rola zai riƙa tura ta gaba tana dawowa. So nake ta dunƙule, hannuna ya yi sanyi bai jiƙe ba, in ta faɗi ta fashe gida uku ko huɗu."

Ta fashe gida uku. Ya ɗaga yatsa biyu ya juya su a iska, mai rola ya ba da wuta.

Abin da ya yi da hannu a cikin daƙiƙa biyar, shi ne abin da ɗakin gwajin kamfani ke yi da ma'auni da murhu da awoyi: neman daidai adadin laimar da ƙasa ke buƙata kafin ta matsu iyakar matsuwa. Ba wai hannun ya maye gurbin gwajin ba ne. Bayan rola ta gama, yaran ɗakin gwaji za su zo su haƙa ɗan rami, su auna ƙasar da suka kwaso, su cika ramin da yashin da aka san nauyinsa, su lissafa ko matsin ya kai. Amma su hukunci suke yankewa bayan an gama. Idan suka ce bai kai ba, sai a sa haƙoran gireda a farke, a sake jiƙawa, a sake dannewa: wuni guda ya tafi, man wuni guda ya ƙone. Fomen nagari shi ne wanda kafin su iso ya riga ya san amsar. Cikin hunturu kuma abin ya fi wuya, don iskar takan shanye ruwan da aka yayyafa kafin tanka ta juyo, shi ya sa za ka ga wasu suna jiƙa ƙasa da yamma su bar ta ta kwana ta sha, su danne da asuba.

Akwai kuma batun kauri. Marmara ba a zuba ta gaba ɗaya. Hawa-hawa ake yi, kowane hawa bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba bayan an danne, saboda ƙarfin rola bai isa ƙasa da haka sosai ba. Ɗan kwangila mai gaggawa zai so a zuba hawa biyu a lokaci guda. Sama za ta yi kyau, ta yi santsi kamar daɓen sabon ɗaki, ƙasa kuwa gari ne. Babu wanda zai gani ran nan. Sai damina ta biyu, lokacin da tireloli suka fara hawa, titin ya soma loɓawa, mutane su ce kwaltar ce ba ta da kyau. Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin ramukan da muke zagin kwalta a kansu, ciwon daga ƙarƙashi yake, a hawan da wani ya kau da kai a kansa wata ranar Laraba da ba wanda ya tuna.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne lissafin tifa, don a ka ake yin sa, a tsaye, cikin ƙura. A ce eskabeta na cika tifa guda a minti 5. A ce daga ramin ɗibar marmara zuwa wurin juyewa da dawowa minti 30 ne. Kafin tifar farko ta dawo, eskabeta na iya cika wasu 6, ke nan tifa 7 ake buƙata don kada bokitin ya tsaya. In aka kawo 4, eskabeta za ta yi kusan rabin wuni tana zaman jira, alhali kuɗin hayarta na tafiya. In aka kawo 12, tifofi za su yi layi, direbobi su kwanta a inuwa, kowa da kuɗin wuninsa. Lissafin ba ya zama wuri ɗaya kuma: kullum aikin na yin gaba, nisa daga ramin na ƙaruwa, yau minti 30, mako mai zuwa 40. Ga ranar kasuwa da hanya ke cushewa. Ga ƙasar kanta da ke da halin kumburi: in aka haƙo ta takan ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, in aka danne ta koma ƙasa da yadda take a rami. Wanda bai san wannan ba zai yi wa maigida alkawarin tifa 100 sun isa, ya wayi gari yana kame-kame.

Kawu ba ya duba agogo sosai. Kunnensa ne agogon. Muna cikin hira sai ya yi shiru, ya karkata kai, ya ce tifa ɗaya ta makara. Ashe ya saba da jin ƙarar juye kaya bayan kowane ɗan lokaci, da ta wuce ƙa'ida sai jikinsa ya ba shi. Ya aika yaro a babur, aka tarar taya ce ta fashe. Haka yake jin injin ma. Hayaƙi baƙi, ya ce matatar iska ta toshe ko an cika wa injin kaya. Shuɗi-shuɗi, mai yake sha. Fari da rana tsaka, a kashe a duba ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Sai turakun safiyo. Waɗannan 'yan sandunan da ake kafawa a gefen hanya da jan ƙyalle da lambobi, su ne wasiƙar injiniya zuwa ga masu ƙarfe, kuma fomen ne tafinta. Lambar na cewa a nan a sare santimita kaza, a can a cika kaza. Shi zai ja igiya daga turke zuwa turke, ya sa ma'auni, ya nuna wa mai gireda da yatsu: biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Titi kuma ba a yin sa a shimfiɗe. Sai an yi masa ɗan doro, gangarar kashi 2 zuwa 3 cikin 100, yadda in daga tsakiya zuwa gefe mita 4 ne, tsakiya za ta ɗara gefe da wajen santimita 10, don ruwan sama ya zirare ya faɗa lambatu. Ido ba ya ganin wannan doron in kana cikin mota. Mai gireda na ƙwarai da mazauninsa yake jin sa. Fomen kuwa dole ya fi shi ji, in ba haka ba da wane baki zai ce masa ya sake?

Nan ne ake gane dalilin da ya sa ba a ɗauko fomen daga aji kai tsaye. Masu tuƙa manyan ƙarafa mutane ne masu ji da kai, kuma suna da hujja. Mutumin da aka damƙa wa injin da kuɗinsa ya fi na gidaje da yawa a Suleja ba zai saurari wanda bai taɓa ƙona hannu a murfin lagireto ba. A gabana wani matashi mai eskabeta ya yi gardama cewa gangaren da aka ce ya gyara ba zai gyaru fiye da haka ba. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sauko ka sha ruwa, ɗana." Ya hau, ya yi shara uku da bayan bokiti, gangaren ya kwanta lumui kamar an shafe shi da cokalin magini. Ya sauko ya miƙa masa kujerarsa, ya ce, "Hannunka ya fi nawa sauri, sai dai kana sarar ƙasa kamar kana fushi da ita." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba." Da zagi aka yi masa a gaban leburori, da gobe ba za a gan shi ba, wani kamfanin ya ɗauke shi.

Asalin wannan kujera tsohuwa ce. Lokacin da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Baro ta Minna har ya isa Kano a 1911, da diga da shebur da kwandon ɗaukar ƙasa aka yi cikon, kuma kowane gungun leburori na da heluma a kansa. Aikin heluma ƙirga kawuna ne da tsawa. Da injin ya zo, aikin ɗaruruwan mutane ya koma hannun mutum goma, sai tsawa ta daina amfani. Kalmar katafila kanta daga sunan kamfanin Caterpillar na Amurka muka aro ta, wanda aka kafa a 1925, har ta zama sunan kowane ƙarfe mai tafiya a kan sarƙa, ko da Komatsu ne na Japan ko Shantui da SANY na Sin waɗanda suka cika wuraren aiki yanzu.

Akwai ɓangaren aikin da ba a so a faɗa a fili: man gas. Eskabeta matsakaiciya kan sha lita goma sha wani abu a kowace awa, buldoza babba ta ninka haka. Tara ƙarafa goma, ka lissafa wuni, za ka ga dukiyar da ke bi ta tiyo. Inda dukiya ke kwarara kuwa, jarka ba ta nisa. Littafin nan mai maiƙo da na ambata, a cikinsa ake rubuta awar da agogon kowane injin ya nuna da safe, da wadda ya nuna da yamma, da litar da aka zuba. Daga nan ake sanin ranar juyen mai, ko bayan awa 250 ne ko 500 gwargwadon injin, daga nan kuma ake gane wanda tankinsa ke da ƙishin da bai dace da aikinsa ba. Kawu ya ce bai taɓa kai ƙarar yaro ofis a karon farko ba. Yakan kira shi gefe ya nuna masa shafin kawai. Ya kuma ce, kuma na yarda da shi, mafi yawan satar mai daga jinkirin albashi take farawa. Wani kamfanin da ya taɓa yi wa aiki ya riƙe musu kuɗin wata huɗu, sannan manyan suna mamakin yadda tankuna ke ramewa da dare.

Batun rai kuwa ba ya ɗaukar sassauci. Mai tuƙa loda ko gireda ba ya ganin abin da ke dab da bayansa. Eskabeta in ta juya, gindinta na iya maƙure mutum da bango ba tare da direban ya ji komai ba. Rami mai zurfi yakan rufta ba sallama, musamman in an tara ƙasar da aka haƙo a leɓensa ko an yi ruwa da dare. Jihar Neja ta ga irin wannan baƙin ciki a mahaƙar ma'adinai ta Galkogo da ke Shiroro a Yunin 2024. Ga wayoyin lantarki a sama, ga bututun ruwa da wayar sadarwa a ƙasa. Fomen ne ke zaga wuri kafin a tayar da injin, shi ke sa mutum guda tak ya zama mai ba da alama, don in hannu biyu na nuni, direba bai san na wa zai bi ba. A titi irin na Diko, inda tankokin mai daga daffon Suleja da tireloli ke wucewa dab da masu aiki, har karkatar da motoci ma yakan faɗo kansa. Mutanen garin ba su manta da gobarar tankar mai ta 18 ga Janairu 2025 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 80 a mararrabar. Ba sai an yi musu wa'azi a kan abin da kuskure ɗaya a bakin titi ke jawowa ba.

Shi ne kuma jakada. Kafin a buɗe ramin ɗibar marmara, sai an je gaida mai gari. A ƙasar Gbagyi, inda gonar doya take dukiyar gida, kuskuren buldoza na minti biyu na iya share kunyoyin da mutum ya yi wata yana tarawa, ko ya taɓa kushewar da ba ta da alama sai a zukatan masu ita. Injiniya na ofis, mai kamfani na Abuja. Wanda mutanen ƙauye ke gani su tare, fomen ne. Na ji Kawu na magana da Hausa, ya juya Turancin buroka da direbobin kudu, ya gaisa da tsofaffi da ɗan abin da ya tsinta na Gbagyi, da 'yan Sin kuwa hannu da kalkuleta suka isar. Kuma in aka gama ɗiba, yakan sa buldoza ta kwantar da bakin ramin kafin a tashi, ko ba a rubuta a kwangila ba, don ya san damina za ta cika shi, yara kuma za su zo wanka.

To ina makomar wannan sana'a? Ga wanda ya iya, ƙofofi na da yawa, har sun fi na da. Ban da titunan da ke bakin Diko, akwai bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020. Akwai layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da Mota-Engil ke yi tun 2021, da na Kaduna zuwa Kano. Akwai babban titin Sakkwato zuwa Badagry, mai fiye da kilomita 1,000, wanda zai ratsa jihar Neja. Gwamna Mohammed Umar Bago, tun da ya hau a 2023, ya buɗe ayyukan tituna a Minna da wasu garuruwan jihar, ya kuma ɗauki noman zamani da zafi, shi ma kuwa sai an share daji an baje fili. Ga wuraren fasa dutse irin na Mpape, ga rukunin gidaje da ke tsirowa daga Zuba zuwa Madalla, ga ma'adinai a Nasarawa. Kowanne daga cikinsu na neman mutumin da za a bar wa ƙarafa da yara a juya baya.

Kuma irin mutumin ya yi ƙaranci. Ana iya koya wa yaro mai kai jan eskabeta a 'yan watanni. Fomen kuwa shekaru ne ke dafa shi, sai ya ga damina da yawa, ya ga titin da ya yi da hannunsa ya lalace ya gano dalili. Waɗanda manyan kamfanoni suka horar a zamanin gina Abuja suna tsufa, wasu sun koma ga Mahaliccinsu. Shi ya sa in sabon kamfani ya sami kwangila, kafin ya gama kafa sansani an riga an fara kiran lambobin wasu 'yan tsirarun mutane. Aikin ba a jarida ake tallarsa ba, daga baki ne zuwa baki. Kuma ba shi kaɗai ake ɗauka ba: fomen kan zo da mai giredarsa da mai rolarsa, kamar yadda sarkin makaɗa ke tafe da 'yan amshinsa.

Sai dai kada a yi wa kowa romon baka. Abinci ne mai zuwa da yankewa. A yankin Suleja ruwa kan sauka daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma in ya kankama aikin ƙasa kan ja baya, a sallami ma'aikatan wucin gadi. In gwamnati ta yi jinkirin biya, ƙarafa su yi layi a sansani ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Da darajar naira ta faɗi daga 2023, kuɗin kayan gyara ya haura, ƙananan 'yan kwangila da dama suka ajiye injinansu. In kwangila ta sauya hannu, kamar yadda ta faru a titin Kaduna, wasu kan rasa, wasu su samu. Ga nisa da iyali. Ga rashin tsaro, wanda ya sa a wasu dazuzzukan ba a fita aiki sai da rakiyar jami'ai. Mai hankali a cikinsu yakan yi gona, ko ya haɗa kuɗi da wani su sayi tsohuwar tifa.

Abin da zai raba masu ci gaba da masu tsayawa, a ganina, takarda ce da sabon ilimi. Ministan ayyuka David Umahi ya dage a kan titin kankare maimakon kwalta, kuma shi wannan yana da nasa hali: injin shimfiɗa kankare ba ya son tsayawa, siminti ba ya jiran kowa, kuskuren da aka yi yau gobe ya zama dutse. Sababbin injina kuma na zuwa da na'urar da ke aika wa ofis labarin awa nawa suka yi aiki, nawa suka yi suna ƙugi a banza, lita nawa suka sha. Wasu giredojin ma tauraron ɗan'adam ne ke gaya wa wuƙarsu inda za ta tsaya. Wannan bai kashe fomen ba, don na'ura ba ta damƙar ƙasa ta ji laima, ba ta kuma zuwa gaida mai gari. Amma wanda ba ya iya karanta zanen injiniya, ko rubuta rahoton wuni ya tura ta WhatsApp, zai ga yaron da ya raina an ɗora shi a kansa. Matashin da ya haɗa biyun, ya zauna a kujerar ƙarfe har ta san shi, ya kuma riƙe takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ko difloma daga kwalejin kimiyya, ya ƙara da horon kiyaye haɗari, shi ne wanda kamfanoni za su yi rububinsa. Hukumar ITF, da aka kafa tun 1971 don horar da ma'aikata, da dillalan injina irin su Mantrac, wurare ne da ya kamata irin wannan matashi ya leƙa.

Kawu ya san gibinsa. Yatsunsa sun yi kauri, waya na ba shi wahala, sai ya ɗauki wani yaro da ya gama sakandare a Suleja yana rubuta masa rahoto. Sharaɗin da suka yi, ba kuɗi a ciki: yaron na koya masa latsa waya, shi kuma kullum in an tashi aiki zai ba shi rabin awa a kan ƙarfe.

Ran da na je, da aka yi la'asar sakaliya, injina suka jeru, bokitai da wuƙaƙe duk an sauke su ƙasa kamar yadda ƙa'ida ta ce. Aka bar gireda ɗaya a kunne. Yaron ya hau, ya yi shara ɗaya a wani ɗan fili da ke gefe, ya leƙo yana murmushi. Kawu ya taka a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya tsaya a tsakiya, ya karɓi butar alwalarsa ya tsiyaya ruwa a ƙasa. Ruwan ya taru wuri ɗaya, ya ƙi gangarawa ko'ina.

Ya ɗaga kai ya ce, "Tafki ka yi mana, ɗana. Koma baya ka sake."